An ce min makarantun PA basa daraja karatun kwaminiti kwaleji, in sake kwas ɗin ko in haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce a nan Amurka, muna zaune a Bronx, burina in zama PA wato mataimakiyar likita. Saboda ƙarancin kuɗi na fara da kwaminiti kwaleji, wato kwalejin unguwa mai shekara biyu, na yi shekara biyu a can, a can na yi bayoloji da kemistiri da anatomi da fiziyoloji, yanzu na koma jami'a ina shekara ta uku. Toh wani ɗan yayar mamana da yake karatun likita yace min makarantun PA basa ɗaukan kwas ɗin kwaminiti kwaleji da daraja, wai in sake su gaba ɗaya a jami'a in ba haka ba asarar kuɗin fom kawai zanyi. Sannan zangona na farko na samu F a kemistiri lokacin ina aikin dare, na sake na samu A, makarantar ta cire F ɗin daga lissafi. Wata ƙawata tace kar ma in tura takardar kwalejin, in tura ta jami'a kawai. Babana tasi yake ja, bana so in ƙara ɗora masa nauyi. Ya zanyi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara baki amsar a taƙaice kafin bayani yayi tsawo: kar ki sake kwas ɗin nan gaba ɗaya, kuma kar ki kuskura ki ɓoye takardar kwalejin. Shawarar yayan naki zata ci miki kuɗi da lokaci a banza, ta ƙawar taki kuwa ita ce zata iya rufe miki ƙofar kwata-kwata.

Yayan naki ba da mugunta ya faɗa ba, magana ce ya ɗauko daga ɓangarensu na masu neman makarantar likitanci inda aka daɗe ana yiwa kwaminiti kwaleji kallon hadarin kaji, ya kawo miki ita ba tare da ya buɗe shafin makarantar PA ko ɗaya ba. Makarantun PA da hukumar ARC-PA ta amince dasu a Amurka sun haura 300 yanzu, kuma kowacce da nata sharaɗin, babu wata doka guda da ta hau kansu duka. In kika zauna kika bi shafukansu ɗaya bayan ɗaya abinda zaki tarar shine mafi yawansu cewa suke kwas ɗin share fage ya fito daga kwaleji ko jami'ar da hukumar tantance makarantu ta yankin ta amince da ita, shikenan, basu ce sai mai shekara huɗu ba. Ku a New York hukumar ita ce Middle States, kuma kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, irinsu Hostos da Bronx Community College duk suna ƙarƙashinta kamar yadda Lehman da City College suke. Akwai wasu makarantun da zasu rubuta cewa sun fi so a yi kwas ɗin kimiyya a jami'a amma suna karɓan na kwaleji, sai kuma ƴan ƙalilan da zasu ce kwas kaza da kaza dole sai daga makaranta mai shekara huɗu. Waɗannan na ƙarshen ma sau da yawa ba raini bane ya kawo sharaɗin, kwas ɗin da suke nema na manyan aji ne, irin mai lamba 300 ko 400, kamar bayokemistiri da jenetiks, wanda dama kwaminiti kwaleji yawanci bata koyar dasu a wannan matakin tunda ita iyakarta shekara biyun farko.

Abinda ya kamata ki gane shine me masu zaɓen ɗalibai suke tsoro. Karatun PA kusan wata 27 ne, digiri na biyu ake bayarwa, shekarar farko a aji ake yinta ana ɗura miki anatomi da ilimin magunguna da cututtukan kowane sashe na jiki a jere ba hutu, jarabawa kusan kowane sati, daga nan a turaki asibitoci zagaye, in kin gama kuma ga jarabawar PANCE tana jiranki kafin a baki lasisi. Makarantar ana auna ta da yawan ɗalibanta da suka gama da waɗanda suka ci PANCE, dan haka duk wanda suka ɗauka so suke su tabbata bazai zube a hanya ba. Tambayar da ke ransu in suna duba takardunki ita ce yarinyar nan zata iya ɗaukan kimiyya mai nauyi da yawa a lokaci guda? Sunan makarantar da kika fara ba shine zai amsa musu wannan ba, jerin makin ki ne daga farko zuwa ƙarshe.

Shi yasa nake cewa ɗalibai biyu ne ake haɗawa a maganar nan alhali ba ɗaya suke ba. Akwai wadda ta fara a kwaminiti kwaleji saboda aljihu, ta gama, ta wuce jami'a ta cigaba da cin A da B a kwas ɗin da suka fi na baya wuya, wannan labarinta a bayyane yake kuma yawancin masu duba fom sun saba ganinsa. Akwai kuma wanda yana cikin jami'a, bayoloji ma yake karanta, amma duk lokacin da aka zo kwas mai zafi kamar oganik kemistiri sai ya sulale kwalejin unguwa da hutun bazara yayi a can ya dawo, toh shi ne za'a iya ɗaga masa gira a ce gudun wuya yake. Ke ta farkon ce. Kuma abinda zai tabbatar da A ɗin da kika samu a kwaleji ba sake anatomi bane a jami'a, in kin sake kin ci A ma me kika nuna, kin ci abinda kika riga kika ci ne. Abinda zai tabbatar da ita shine a shekara biyun nan da suka rage miki ki ɗauki bayokemistiri, jenetiks, maikrobayoloji in baki yi ba, ilimin garkuwar jiki ko fiziyoloji na manyan aji, ki fito da maki mai kyau. Wanda ya ga A a fiziyolojin kwaleji sannan ya ga A ko B mai ƙarfi a bayokemistirin jami'a ai bashi da sauran tambaya. In kuwa aka ga A A A a kwaleji sai aka zo jami'a aka ga C C C, nan ne maganar yayanki zata zama gaskiya, kuma ba kwalejin ce ta jawo ba. Dan haka aikin yana gabanki ne ba a bayanki ba, kuma dama kwas ɗin nan cikin digirinki suke, ba ƙarin kuɗi bane akan babanki.

Yanzu maganar F ɗin, anan nake so ki nutsu dan ita ce tafi sunan kwaleji muhimmanci. Yawancin makarantun PA ta hanyar wani dandali guda ake nemansu, sunansa CASPA, shi ne zai karɓi takardun sakamakonki ya sake lissafa GPA ɗinki, wato matsakaicin makinki, da kansa, kuma lissafinsa daban yake da na makarantarki. Makarantarki ta yafe miki F ɗin, CASPA bata yafewa. Duk kwas ɗin da kika maimaita za'a saka makin farko da na biyun duka a lissafi. Bari in miki misali da lamba dan ki ga yadda abin yake: a ce kina da kiredit 36 na kimiyya (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas) kuma a lissafin makarantarki GPA ɗinsu 3.6 ne, in aka dawo da F ɗin nan mai kiredit 4 sai ya zama kiredit 40, GPA ɗin ya sauko 3.24. Kinga faɗuwar ba kaɗan bace. Amma in kika ƙara kiredit 16 na kimiyya duk da A, wato kwas huɗu kenan, zai hau zuwa wajen 3.46. Yawancin makarantu 3.0 suke sakawa a matsayin mafi ƙaranci, waɗanda ake ɗauka kuwa matsakaicinsu yana wajen 3.5 zuwa 3.6, toh kinga ba a fitar dake daga layi ba amma kuma baki da sauran wurin wasa. Ki zauna yau ɗin nan da takarda da biro ki lissafa naki na gaskiya da F ɗin a ciki, gara ki sani yanzu da ki gani a fom ranar da ba abinda zaki iya yi. Wani abu kuma da mutane basa sani, CASPA bata saka lissafi da statistiks cikin GPA na kimiyya, dan haka A ɗinki ta aljebra bazata ɗaga wannan ɓangaren ba, sai bayoloji da kemistiri da fiziks da makamantansu. In kuma nan gaba wani kwas ya kama ki da kokawa kika ga faɗuwa zakiyi, janyewa akan lokaci ki samu W yafi, W bata shiga lissafin GPA, sai dai kar su taru da yawa.

Ƙawar taki kuwa, Allah ya shirye ta, kar ki bi ta tata. Dokar CASPA ita ce sai kin turo takardar sakamako daga kowace kwaleji ko jami'ar Amurka da kika taɓa yin ko da kwas ɗaya, har wanda kika yi kina sakandare in kwaleji ce ta bada kiredit ɗin, kuma ko da kiredit ɗin sun riga sun bayyana a takardar jami'arki sai kin turo ta asalin makarantar. Kiyi tunani ma, takardar jami'ar taki ai a samanta an rubuta cewa an karɓo kiredit kaza daga kwaleji kaza, ta ina zaki ɓoye? Ga kuma National Student Clearinghouse da ke riƙe da bayanan rajistar kusan duk ɗaliban ƙasar. Sannan anatomi da fiziyolojin da ake nema a gurinki a takardar da kike son ɓoyewa suke. Ramin ƙarya ƙurarre ne ƙanwata, in aka gano ba fom ɗin bana kaɗai zaki rasa ba, ana iya janye gurbin bayan an baki, kuma sana'a ce da gaba ɗayanta akan amana take tunda ke zaki riƙa rubuta abinda kika gani a fayil ɗin marar lafiya. F guda ɗaya a zangon farko da aka bita da A abu ne da suke gani kullum. In an tambayeki a intabiyu ko kika ga gurbin bayani a fom, faɗi a jimla biyu ko uku: ina aikin dare a lokacin, ban san nauyin kwas ɗin ba, na rage awannin aiki na sake na ci A, kuma tun daga nan ban ƙara faɗuwa ba. Kar ki cika takardar bayanin kanki da ban haƙuri, haruffa 5,000 kacal aka baki a wurin, ki kashe su akan dalilin da yasa kike son aikin.

Akwai dai inda sake kwas yake zama dole, kuma wannan bashi da alaƙa da kwaleji ko jami'a. In kwas ɗin share fage ne kika samu ƙasa da C, yawanci baya ƙirguwa, wasu makarantun ma B suke nema. In ya tsufa, dan da yawa suna cewa kwas ɗin kimiyya kar ya wuce shekara 5 ko 7 ko 10, wannan yafi shafar yayyenmu da suka yi aure suka haihu suka dawo karatu. In firaktikal ɗinsa ta intanet aka yi, wasu basa karɓa, sun ɗan sassauta lokacin korona a 2020 da 2021 amma ba kowa ya cigaba da sassaucin ba. Sai kuma wanda yafi kama ƴan kwaminiti kwaleji, dan Allah ki duba wannan da kyau: kwalejojin nan sukan koyar da kemistiri kala biyu, akwai na zango ɗaya da aka sauƙaƙa dan masu shirin nas da sauran ma'aikatan lafiya, akwai kuma cikakke na ɗaliban kimiyya mai kashi na ɗaya da na biyu kowanne da ɗakin gwaje-gwaje. Makarantun PA da yawa na biyun suke nufi. Haka bayoloji, akwai na waɗanda ba kimiyya suke karanta ba. Ki buɗe kundin kwalejin ki karanta bayanin kwas ɗin da kika yi, in sauƙaƙƙen ne toh shi kam sai kin yi cikakken. Anatomi da fiziyoloji kuma in haɗe aka koyar dasu kashi biyu, ki tabbata kin yi duka biyun, rabi baya isa.

Amma akwai abinda baki ambata ba a wasiƙarki kuma shi yafi damuna: awannin kula da marasa lafiya. Sana'ar PA tun asalinta akan masu gogewa aka ginata, a 1965 Dokta Eugene Stead ya buɗe ajin farko a jami'ar Duke da tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, mutanen da sun riga sun ɗinke rauni sun ga jini, aka yaye su a 1967, kuma har yau makarantun basu bar wannan al'adar ba. Duke ɗin kanta awa 1,000 take nema, wasu 500, wasu 2,000, wasu basu saka adadi ba amma waɗanda suke ɗauka duk suna da shi. Awa 1,000 in kina yin awa 20 a sati, sati 50 kenan, kusan shekara. Na sha ganin ɗalibai sun ƙare ƙarfinsu akan damuwa da sunan makaranta alhali basu taɓa auna jinin mutum ko ɗaya ba. Kuma abin dariyar shine kwaminiti kwalejin da ake rena miki ita ce hanya mafi araha ta samun awannin nan, a can ake yin gajerun kwas na EMT masu bin motar asibiti, da CNA masu taimakawa nas, da masu ɗiban jini, da mataimakan ofishin likita, wasu cikin ƴan watanni an gama kin samu satifiket kin fara aiki ana biyanki. In aikin daren naki na shago ne ko sito, ki canza shi da irin wannan, kuɗi na shigowa awanni na taruwa. Nasan wani a gida zai ce ɗiyar wane ce zata je tana wanke tsofaffi, ki masa bayani cikin ladabi cewa matakala ce. CASPA ta raba gogewar kashi biyu, wadda kike taɓa marar lafiya da hannunki kina da alhakin kulawa dashi, da wadda kike cikin asibiti amma a tebur ko wajen fayil, ta farkon ce mai nauyi. Aikin kula da tsofaffi a gidajensu da matanmu da yawa suke yi a Bronx wasu makarantun suna ƙirgawa wasu basa yi, sai kin tambaya, jinyar ɗan uwa na jini kuwa yawanci ba'a ƙirgata. Ki samu ɗan littafi kina rubuta kwanan wata da awanni da sunan shugabar aikinki tun daga ranar farko, sannan ki nemi wani PA ya barki ki riƙa binsa kina kallon yadda yake aiki.

Malamanki na kwaleji ma kar ki yar dasu. Wasiƙun shaida uku ake yawan nema, CASPA tana karɓan har biyar, kuma malamin anatomin da ya koyar dake a ajin mutum ashirin da wani abu, ya san fuskarki ya san ranar da kika zo aji daga wajen aiki ido jajir, wasiƙarsa zata fi ta farfesan da ya ganki cikin ɗaruruwa a babban ɗakin lacca. Ki tura masa saƙon gaisuwa tun yanzu ki faɗa masa inda kika kai, kar sai ana saura sati biyu. Ki haɗa da ɗaya daga malamin jami'a na kwas mai wuya, da ɗaya daga PA ko likitan da ya ga aikinki.

Batun babanki, Allah ya saka masa da alheri ya ƙara buɗi. A CUNY ɗan gari yana biyan wajen dala 210 kan kowane kiredit a kwaminiti kwaleji, 305 a manyan kwalejojin. In kika sake kwas huɗu masu kiredit huɗu huɗu a jami'a, kusan dala 4,900 kenan banda littattafai da zangon da zaki ɓata, kuma tallafin gwamnati yana da iyaka akan kwas ɗin da aka riga aka ci. Wannan kuɗin ki ajiye shi, fom ɗin CASPA kowace makaranta da kuɗinta, ga zuwa intabiyu, ga jarabawar GRE ta masu neman digiri na biyu ga makarantun da har yanzu suke nemanta. CASPA tana da rangwamen kuɗin fom ga masu ƙaramin ƙarfi amma yana ƙarewa da wuri, sai kin nema da zarar an buɗe.

Tunda nasan ba ke kaɗai zaki karanta wannan ba, bari in ɗan taɓa masu zuwa da digiri daga gida, Kano ko Zariya ko Yamai ko Kumasi. Su takardunsu sai an kai wa masu tantancewa irin WES, kuma CASPA bata saka makin ƙasar waje cikin GPA ɗin da take lissafawa, sannan makarantu da dama cewa suke kwas ɗin share fage a Amurka za'a yi su ko da mutum yayi a gida. Su kam kwaminiti kwaleji ce hanyar da ta fi musu, ajin yamma da na ƙarshen sati, kuɗi daidai aljihu, kuma makin da suka samu a can shi za'a fi kallo tunda shi ne ma'aunin da masu zaɓen suka sani.

Toh ga abinda zakiyi a satin nan. Zaɓi makarantu goma zuwa sha biyu, ki fara da na kusa dake, York College a Queens da ta CUNY School of Medicine a Harlem duk suna da shirin PA kuma na gwamnati ne, ki buɗe shafin kowacce ki kwafe kwas ɗin da take nema da mafi ƙarancin maki da awanni da shekarun tsufan kwas. Duk wadda ta rubuta sai daga jami'a, ki duba wane kwas take nufi, in wanda zaki yi nan gaba ne shikenan, in wanda kika riga kika yi ne ki cire ta daga jerin ki saka wata, bai kamata makaranta ɗaya ta saki maimaita shekara ba. Inda bayanin bai fito fili ba ki rubutawa ofishin ɗaukan ɗalibai imel, ki saka sunan kwas ɗin da lambarsa da sunan kwalejin da bayaninsa daga kundin, ki tambaya ko ya cika sharaɗinsu, in sun amsa ki adana amsar. CASPA a ƙarshen Afrilu take buɗewa kowace shekara kuma makarantu da yawa suna fara kiran intabiyu tun fom na shigowa basa jiran ranar rufewa, dan haka takardun sakamakon nan guda biyu, ta kwaleji da ta jami'a, ki nemi a tura su a satin farko. Ki gaida su Mama.